Wainar Citta ta Baba Tanimu

Kaduna,
10 ga Nuwamba, 1974.

Zuwa ga Yaya Sha'ibu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Mero da yara, Suwaibatu da Almu. Ni ƙalau nake, sai dai ƙarar injin masaƙa da ta fara taɓa mini kunne.

Makon jiya na je gida. Baba yana nan da ƙarfinsa, da kansa ma ya yanke dawarsa bana, amma idon ya ƙara lalacewa. Na hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama kuma sai da na matso dab da shi ya gane ni. Inna Asibi ta gidan Baba Gide ita ke kai masa tuwo.

Na tarar ya fito da kaskon nan na baƙin ƙarfe mai murfi da dogon hannu, wanda matar Baturen auduga ta bar masa da zai bar aikin kuku a Funtua. Yana zaune yana goge tsatsar da toka da man gyaɗa, yana bin ramukan da yatsa. Ka tuna wainar da yake yi mana da shi sau ɗaya a shekara, mai citta da zuma, mai gida-gida kamar gurbin dara? Turawansa wafil suke ce mata, mu kuma wainar Baba. Shekara uku ke nan bai hura mata wuta ba, tun rasuwar Innarmu.

Ga abin da ya ce, yadda ya faɗa: "Na ji an ce bana sallar su Sha'ibu da taku sun haɗu mako guda. Kowa shina da hutu ke nan. Ki rubuta mishi shi taho da ɗiyanshi, in yi maku waina tun ina ganin bakin wuta. Baɗi ban sani ba."

Yaya, ban manta da ranar da aka binne Inna ba, yadda ka tsaya can bakin darni, ko ruwan gidan ka ƙi sha. Na san kai ma da abin da ka riƙe. Ka musulunta, ni na shiga coci, Baba yana nan a kan abin da ya tarar iyayensa na yi. Ba wannan na ɗauko ba. Tsoho ne yake roƙon karin kumallo ɗaya da 'ya'yansa biyu a tabarma ɗaya. Yaranka ko sau ɗaya ba su ci abin hannunsa ba.

Ku zo ranar salla da safe. Fulawa da sauran kaya ni zan kawo daga nan.

Ƙanwarka,
Lidiya.

Faskari,
24 ga Nuwamba, 1974.

Zuwa ga ƙanwata Lidiya,

Bayan gaisuwa. Duk muna lafiya, alhamdu lillahi. Almu ya yi zazzaɓi amma ya warke. Ki riƙa toshe kunnen da auduga.

Takardarki ta same ni na dawo daga rangadin gonaki a wajen Yankara. Aikin malamin gona yanzu ba daɗi, samari duk sun tsere birni neman aikin gini, sun bar wa tsofaffi auduga a tsaye. Labarin idon Baba ya dame ni.

Zan faɗa miki gaskiya, ranar da kuka zaɓa ta yi mini nauyi. Kin san abin da ke kan mutum irina a ranar, da abin da za a ce in aka neme ni a gidana aka ji inda na tafi. Ko dai ba ki yi tunanin wannan ba, ko kin yi kika ga ba komai ba ne. Duk da haka zan zo, saboda Baba.

Maganar ranar binne Inna da kika tono, da kin bar ta. Ke a cikin ɗaki kike kina kuka, ba ki ga tulunan giya da aka jera a tsakar gida ba. Ina zan zauna?

Wannan ya kawo ni ga abin da nake so ki amsa mini. Ni na girme ki, na tuna abin da ba ki tuna ba. In garin nan na Turawa mai sa ƙullu ya tashi ya ƙare, ludayi guda na giyar Inna Baba yake zubawa ya ajiye ƙullun a rana. Da shi muka girma, ban ce komai ba. Amma yanzu ina da iyali, kuma ba mu kaɗai za mu zo ba. Alhaji Harisu, yayan Mero na Sabuwa, a wurinmu zai yi hutun. Ya sami kwangilar hanya ya sayi sabuwar a-kori-kura, ya ce shi zai kai mu. Shekara tara ina auren 'yarsu, har yau in na ba da baya a Sabuwa ɗan Maguzawa suke ce mini. Shi kaɗai ne a cikinsu ya taɓa cewa yana son ya gaida mahaifina.

Ki tabbatar mini ba abin da zai shiga ƙullun nan wanda ba zan iya faɗa a gabansa ba. Ina jiran amsa.

Yayanki,
Sha'ibu Tanimu.

Kaduna,
8 ga Disamba, 1974.

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara wa Almu lafiya. Kunnen da sauƙi.

Na karanta takardarka sau uku, kowane karo raina ya ƙara ɓaci. Wato zama da mu ranar Kirsimeti shi ne nauyin? Ba wanda zai ja ka coci. Kalandar masaƙa ta nuna babbar sallarku Talata ce, tamu Laraba. Ka yi idinka, ka yanka ragonka, ka kwana a gidanka, Laraba da safe ka zo ka ci waina da ubanka. Mene ne abin kunya a ciki?

Tun da lissafi kake so, ga abin da zai shiga ƙullun, ka karanta wa Alhajin naku. Fulawa gwangwani huɗu. Ƙwai shida, Baba zai ware farin ya buga shi da maburgi har ya tsaya kamar kumfar sabulu, a ƙarshe yake juya shi a ciki. Man shanu narkakke, madara, zuma maimakon baƙin ruwan rake na Turawa. Citta busasshiya a daka ta a tankaɗe, da yawa, har ta ɗan cije maƙogwaro. Kanumfari kaɗan, kirfa kaɗan, gishiri a bakin yatsa. Na zaga kanti uku kafin in sami bakin hoda, garin da kake nufi ke nan, don yanzu kaya na sauka ake wawashewa. Gwangwani biyu na saya. Ba ludayin kowa da zai shiga.

Ranar Talata ina da aikin safe. Mu Kirista mun karɓi injinan Musulmi don su je idi, su kuma za su karɓe mu Laraba. Ana tashi da azahar zan hau motar Funtua, kafin magariba ina gida da kayan. Na aika wa Baba ta bakin wani ɗan garinmu Mabai cewa Laraba ce, ya tanadi itacen kirya mai garwashi.

Na saya wa Suwaibatu ɗan kunne, Almu kuma takalmin roba. Ban san girman ƙafarsa ba, ƙiyasi na yi.

Lidiya.

Faskari,
27 ga Disamba, 1974.

Lidiya,

Gaisuwar da zan iya ke nan: muna raye.

Na tambaye ki abu ɗaya, wata guda kika yi shiru. Na ce wa kaina ƙila aiki ne, ai ba za ki kunyata ni ba.

Ranar Talata ana sallame idi na kwashi iyalina. Ragona na bari ɗaure a turke, maƙwabta suna feɗe nasu suna tambayata lafiya. Alhaji Harisu ma ya ɗage nasa yankan saboda ni. Da hantsi muka isa, yara cikin kayan salla.

Ba ke, ba fulawa, ba wuta. Tsakar gida ko shara ba a yi ba. Baba na zaune da tsohon bante da 'yar shara yana ɓarar gyaɗa. Da ya ji muryata ya ɗago ya ce, "Yau ne?" Sai kuma ya miƙe da sauri yana cewa, "Yau ne, yau ne, ku zamna." A gaban surukina, Lidiya. Alhaji da babbar riga yana zaune a kan turmi, don tabarmar kirki sai da aka aro.

Inna Asibi ta kawo garin alkama da ƙwai. Baba ya daka citta da kansa, ya kwaɓa, ya ajiye ƙwaryar a rana. Muka zauna har bayan azahar ba abin da ya shiga cikin yara sai gyaɗa. Sannan ya hura wuta ya fara gasawa. Yara suka ci suna lasar yatsa. Alhaji ya ci uku yana yabawa.

Sai Mero ta tambayi Inna Asibi yadda aka yi ta tashi haka ba bakin hoda. Ita kuwa ta kece da dariya ta ce, "Ludayi guda daga tuluna, ɗiyata, ta kwana ukku ce mai ƙarhi."

Alhaji ya miƙe. Ya ajiye ta hannunsa, ya zaga bayan darni, muna jin sa yana tura yatsa a maƙogwaro. Mero ta kama bakin yara tana wankewa tana kuka. Ranar layya, 'ya'yana, da giya a cikinsu.

Na faɗa wa Baba abin da ya kamata ya ji, muka taso. Washegari Alhaji ya koma Sabuwa, kin san labarin da ya tafi da shi.

Ke kika kira ni, ke kika sa rana, ke kika ƙi zuwa. In dariya kike so a yi mini, an yi. Kada ki sake rubuto mini maganar waina.

Sha'ibu.

Kaduna,
5 ga Janairu, 1975.

Yaya,

Ina fata yara lafiya. Su kaɗai nake tambaya.

Ka ce na yi shiru. Ranar takwas ga Disamba na rubuta maka da hannuna, na kai gidan waya da ƙafata, na ce Laraba. Laraba, baƙi a kan fari. Kai ka zo Talata, ranar da ka san ina bakin inji.

Ka ce ka faɗa wa Baba abin da ya kamata ya ji. Tun da ba ka iya rubuta shi ba, bari ni in rubuta maka, Inna Asibi ta faɗa mini kalma kalma. Ka tsaya a kansa yana tsugune gaban murhu ka ce, "Shi ya sa nake jin kunyar a ce kai ka haife ni." Sannan ka sa ƙafa ka shure ƙwaryar ƙullun. Ƙwaryar ta bugi kaskon, ya zame daga kan duwatsu. Mutumin da ba ya gani ya kai hannu zai tare, ya damƙi ƙarfen ta wajen da ke cikin wuta. Kana jan hannun Almu zuwa mota lokacin. Ba ka waiwaya ba, shi kuma bai yi ƙara ba don kada yara su tsorata.

Rana na gab da faɗuwa na iso da kwali a ka. Na tarar kaji suna tsattsagar ƙullu a ƙasa, Baba na jingine da rumbu da hannu a cikin ƙwaryar ruwa. Tafin ya tashi gaba ɗaya. Na ce me ya sa bai ce maku ku jira gobe ba. Ya ce, "Yaro ya baro sallarshi ya taho mani da baƙo, in ce mishi ya yi kuskure? In maida ɗiyanshi da yunwa?" Na ce to giyar fa. Ya ce, "Wuta ta cinye ta. Ban san wata hanya ba."

Laraba da sassafe na jera masa komai a tabarma, fulawa, zuma, kirfa, bakin hodar da na sha wahala a kanta. Na ce ya riƙa faɗa mini ni in yi. Ya shafa gwangwanin da hannun hagu ya ce in maida. Na yi Kirsimetina a ɗakin shan magani a Kankara ina riƙe masa hannu ana ɗaye fata.

Kai ana yi maka dariya a Sabuwa. Shi tuwo ma sai an sa masa a hagu.

Ɗan kunnen da takalmin suna wurin Inna Asibi, in ka ga ba su da najasa.

Lidiya.

Faskari,
2 ga Maris, 1975.

Zuwa ga ƙanwata Lidiya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki. Yara suna lafiya. Mero ta yi wata guda a Sabuwa, ta dawo.

Takardarki ta takwas ga Disamba ta iso ranar tara ga Janairu, da hatimin garuruwa uku a bayanta. Kwana biyu bayan haka ɗayar ta zo. Na shimfiɗa su a tebur tare da ta farko. A ta farkon kin rubuta "ranar salla da safe". Ni salla ɗaya na sani. Na manta ku ma haka kuke kiran taku. Nauyin da na ce miki kuwa, idi da layya nake nufi, ba zama da ku ba. Da kin ƙara kalma ɗaya, ko da ni na ambaci rago a tawa, da ba a yi haka ba.

Amma ba wannan ya hana ni rubutu wata biyu ba. Ban san hannun ya ƙone ba, wallahi ban sani ba. Sai dai akwai abin da na sani, ban faɗa wa kowa ba, ko Mero.

Tun da na ga ya ajiye ƙwaryar a rana na san me ke ciki. Awa uku ina zaune ina kallonta tana tashi. Da zan iya jan sa gefe in ce Baba bari, a dama mana fura. Ban yi ba. Da ya buɗe kaskon farko ƙamshin cittar nan ya bugo ni, sai na ji kamar Inna za ta fito daga ɗaki ta ce mu wanke hannu. Ni ya fara miƙa wa. Gefenta ya ɗan ƙone don ba ya ganin wutar, tsakiyar kuma laushi, zuma ta kwanta a ramukan. Biyu na ci, Lidiya, ina sane. Da hannuna na gutsura wa Almu. Na yi ta addu'a a zuci kada kowa ya tambaya.

Da Mero ta tambaya, Alhaji ya juyo ya dube ni. Kallo ɗaya. Na ga yana lissafin ko na sani. Abin da na yi wa Baba na yi ne don in amsa wannan kallon. Kuma ya yi aiki, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Yanzu a Sabuwa yabona ake yi, wai na nuna ni na Allah ne ko a gaban ubana. Ran Juma'a wani dattijo ya riƙe hannuna yana sa mini albarka a kan haka.

Sau biyu na hau babur na kai mararrabar Mabai na juyo. Yaya hannun? Me yake cewa a kaina? In na je zai yarda in shiga? Ki faɗa mini ko da mai zafi ne.

Yayanki,
Sha'ibu.

Kaduna,
6 ga Afrilu, 1975.

Yaya Sha'ibu,

Ina gaida ku duka. Na sami takardarka, na jinkirta amsa sai na je gida hutun Ista na gani da idona.

Kalmar nan ta "salla" tawa ce, na ɗauka. Tun da na karanta nake jin ta a kunnena fiye da injin. Sauran kuma naka ne, ba zan sauke maka ba.

Hannun ya warke, amma yatsu biyu sun ƙi miƙewa. Idon dama ya rufe tun watan jiya. Yanzu rana ma a fata yake jin ta. Ya ba Baba Gide gonar gangare ya noma bana.

Na tafi da takardarka don in karanta masa. Na zauna kusa da shi na fara. Ina kaiwa inda ka ce ya ajiye ƙwarya a rana ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Wace rana yake hwaɗi?"

Na ce, "Ranar da suka zo, Baba. Ranar sallarsu."

Ya ce, "Sha'ibu bai zo ba. Aikin gwamnati ya riƙe shi. Wani malami ne ya biyo da baƙi, na yi masu waina ba ta yi masu daɗi ba, suka tahi. Ɗana bai taɓa ɗaga mani murya ba."

Na tsorata, na ɗauka hankalin ne ya fara tafiya. Na tambaye shi wasu abubuwa. Ya lissafa mini damin dawa nawa ya samu bara, ya gaya mini sunan jirgin ruwan da Baturensa ya hau, ya tuna mini bakin hodar gwangwani biyu ce. Hankalinsa garau yake. Inna Asibi ta ce haka yake faɗa wa duk wanda ya zo duba shi, har da waɗanda suka ga motarku da idonsu, kuma ya yi mata kashedi kada ta sake ambaton ranar. Mutanen unguwa sun bi shi a haka. In aka yi zancenka sai su ce Allah sarki, aiki ya yi masa yawa.

Na ce to in ƙarasa karatun? Ya ce in ninke takardar, in gaishe ka, in ce ka riƙa cin abinci.

Ka tambaya ko zai yarda ka shiga. Zai yarda. Zai sa a shimfiɗa maka tabarma, ya shafa fuskarka da hannun nan, ya tambaye ka hanya da yara. Amma haƙurin da kake ɗauke da shi ba inda za ka ajiye shi, don a wurinsa ba ka yi komai ba. Da shi za ka koma Faskari.

Ka je kafin ruwa ya sauka hanya ta lalace. Zai ce maka, "Shekara ukku da rabi rabonka da gida." Ka ce masa e, Baba.

Ƙanwarka,
Lidiya.